Gudun Da Ba Mai Tafa Wa Mai Yinsa

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga Misa ta biyu, wani magidanci daga cikin jama'armu ya tsaya jiranmu a gindin darbejiyar da ke ƙofar coci. Ma'aikaci ne, shekarunsa sun ɗan haura arba'in, kuma kusan kowa a unguwa ya san labarinsa, domin a farkon shekarar ya tafi Legas ya shiga gudun fanfalaki, wato tseren nan mai nisan kilomita 42 da mita 195 wanda ake yi a birnin tun daga 2016, galibi a watan Fabrairu. Wata huɗu ya yi yana shiri, yana tashi kafin carar zakara. Ranar tseren ya tashi tare da dubban mutane daga filin wasa na Surulere, ya ƙetare doguwar gadar nan da ke kan ruwa, ya isa ƙarshe cikin awa biyar da 'yan mintoci. Ya dawo gida da lambar yabo, aka rataya ta a falo kusa da hoton aurensu.

Bayan mun gaisa, sai ya ce, "Fada, yau wata uku ke nan ban sa takalmin gudu ba. Lafiyata ƙalau, lokaci ma ina da shi. Amma duk sa'ad da na ce bari in fita in zaga filin makaranta kamar yadda na saba a da, sai zuciyata ta ce mini, me wanda ya yi kilomita 42 zai yi da kilomita uku? Sai in koma in kwanta."

Mun yi dariya a ranar, muka ba shi gajeriyar amsa irin wadda akan bayar a ƙofar coci sa'ad da wasu ke jira. Daga baya ne muka gane cewa tambayar ta fi ƙarfin amsar da muka bayar. Abin da yake tambaya shi ne: idan mutum ya taɓa yin babban abu, wace daraja ta rage wa ƙarami? Wannan tambaya ce da ta shafi wanda bai taɓa gudun ko taku goma ba, saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu duba ta da kyau.

Bari mu fara ba jiki haƙƙinsa, gama ba duk ƙin fita ba ne ke fitowa daga zuciya. Gudun kilomita 42 yana yi wa jiki ɓarna ta gaske. Sukarin da jiki ke tanadi a cikin tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35, abin da ya sa masu gudu da yawa ke cewa a nan ne suka ji kamar sun yi karo da bango. Dubun-dubatar takun da ƙafa ta yi a kan kwalta suna yayyaga ƙananan zaren tsoka, tsamin jikin kuma yakan fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, har ka ga ƙato yana saukowa daga bene da baya-baya. Tsofaffin masu horarwa suna da wata ƙa'ida da suke ba ɗalibansu: kowane mil ɗaya da ka yi a tsere, ka ba shi yini ɗaya na sauƙi. Tun da tseren mil 26 ne da ɗoriya, ke nan kusan wata guda ba a tsananta wa jiki. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Riyo a 2016 ya kuma sake ci a na Tokiyo da aka yi a 2021, a shekarun ganiyarsa yakan ajiye gudu na makonni uku zuwa huɗu bayan kowane babban tsere. Wanda ya huta a wannan lokaci bai yi ragwanci ba, hankali ya yi.

Sai dai akwai wani abu da jiki ke yi a lokacin hutun, wanda shi ne mafarin damuwar ɗan'uwanmu ko da bai sani ba. A 1984 wani masani a Amurka mai suna Edward Coyle da abokan aikinsa suka sa wasu horarrun 'yan wasa suka daina motsa jiki gaba ɗaya, suna auna yawan iskar da jikinsu ke iya sarrafawa sa'ad da ake aiki mai tsanani. Cikin makonni uku na farko ta ragu da kashi 7 cikin ɗari, bayan kimanin wata biyu kuma ta tsaya a kashi 16 ƙasa da inda take a da. Ma'anar wannan a fili take. Lambar da ke rataye a falo tana nan yadda take, amma ƙarfin da ya ciwo ta aro ne, kuma mai shi ya fara karɓar abinsa tun ba a gama yi wa mutum barka ba. Wanda ya fita bayan wata uku zai ji numfashinsa na sarƙewa a kilomita na biyu, ya tuna cewa shi ne ya yi arba'in da biyu, ya ji kamar an yi masa fashi.

Labarin da ya ba wannan tsere sunansa bai taimaka mana ba ko kaɗan a nan. An ce a shekara ta 490 kafin haihuwar Almasihu, da mutanen Atina suka ci Farisawa da yaƙi a filin Maraton, wani manzo ya sheƙa da gudu har cikin birni, ya faɗi albishir, ya yanke jiki ya faɗi matacce. Abin lura shi ne Herodotus, marubucin tarihin da ya fi kusa da zamanin, bai kawo wannan labari ba. Abin da ya rubuta shi ne wani mai gudu, Fidifides, an aike shi daga Atina zuwa Sifata neman gudunmawa kafin yaƙin, tafiyar kimanin kilomita 240, ya isa washegari, ya isar da saƙo, bai kuwa mutu ba. Labarin mutuwa a bakin ƙofa ya fito ne daga marubutan da suka zo bayan shekaru ɗari biyar ko fiye. Duk da haka shi duniya ta zaɓa ta riƙe, kuma muna ganin mun san dalili. Labarin da jarumi ya mutu a daidai lokacin nasara ba ya da washegari. Ba sai an faɗi yadda ya tashi da safe da ciwon gwiwa ba, ko yadda ya koma neman abin da iyalinsa za su ci.

Mutumin da ya fara cin wannan tsere a zamaninmu yana da washegari, har da shekaru 44 na washegari. Sifiridon Luwis ɗan ƙauyen Marusi ne kusa da Atina, aikinsa kuwa taimakon mahaifinsa jigilar ruwa zuwa birni, abin da za mu kira ɗan garuwa. A watan Afrilu na 1896, a wasannin Olamfik na farko na wannan zamani, ya riga kowa shiga filin wasa bayan awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50, 'ya'yan sarki biyu suka sauko suka raka shi takun ƙarshe, ƙasar Girka gaba ɗaya ta ruɗe da murna. Yana da shekara 23. Daga nan ya koma ƙauyensu, ya yi noma, ya yi aikin ɗan sanda, bai sake shiga wani tsere ba har ya rasu a 1940. Ba mu kawo shi don mu zarge shi ba. Mutumin da ya san cewa tsere ɗaya ya zo yi, ya yi shi, ya koma ga rayuwar da yake da ita tun da can, bai yi laifin kome ba. Bambancinsa da ɗan'uwanmu shi ne, shi Luwis bai tsaya a ƙofar ɗaki yana riƙe da takalmi zuciyarsa na ja da baya ba. Ɗan'uwanmu yana son ya fita. Kafin ya taɓa jin labarin tseren Legas, shekara da shekaru yana zaga filin makaranta da sassafe, yana jin daɗin abinsa. Babban gudun ne ya zo ya cinye ƙaramin.

Yaya aka yi haka ta faru? A nan wani tsohon malami na Girka, Aristotil, wanda aka wahalar da mu da karatunsa a makarantar horon firistoci, ya yi mana amfani. Ya raba ayyukan ɗan Adam gida biyu. Akwai aikin da manufarsa tana can gaba, a wajensa, kamar ginin gida. Muddin kana cikin gini, gidan bai samu ba. Ranar da ya samu kuwa, ginin ya ƙare, ba za ka iya ci gaba da gina gidan da ka riga ka gina ba. Akwai kuma aikin da yake cikakke a kowane lokaci da ake yinsa, kamar gani. Wanda ke kallon faɗuwar rana ba jira yake ya gama kafin a ce ya gani ba. Yana gani, ya kuma riga ya gani, duka a lokaci guda. Hira da aboki tana cikin wannan gida na biyu, haka wasa da jika, haka waƙa. (Shi malamin ya sa tafiya a gida na farko, domin tafiyar da yake nufi ita ce ta tashi daga wani gari zuwa wani. Da ya ga dattijo yana zaga gonarsa da yamma ba don zai je ko'ina ba, muna zaton da ya sake shawara.)

Shirin gudun fanfalaki aiki ne na gida na farko, tsantsarsa. Makonni 16 ko 20 ana lissafi, kowace fita tana da lamba, kowace lamba tana kai wa ga wata, duka suna fuskantar rana ɗaya. Wannan yana da daɗi ƙwarai, gama mutum yakan farka da safe ya san abin da aka ce ya yi da dalilin yinsa. Amma irin wannan aiki yana ɗauke da ajalinsa a cikinsa. Duk takun da ka yi wajen cimma burin, taku ne wajen rasa abin da ke tashinka da asuba. Hausawa sun ce bayan wuya sai daɗi, kuma gaskiya ne, sai dai ba su faɗi kwana nawa daɗin ke yi ba. Masu gudu da yawa a ƙasashe dabam-dabam suna ba da labarin wata irin kasala da baƙin ciki marar dalili da ke sauko musu mako ɗaya ko biyu bayan tseren, ko da sun sami abin da suka je nema. Wani masanin falsafa na Ingila, John Stuart Mill, ya gamu da irin wannan a 1826 yana ɗan shekara 20, tun ma kafin ya cimma kome. Ya tambayi kansa ko zai yi farin ciki idan duk gyare-gyaren da yake fafutuka a kansu suka tabbata a nan take, zuciyarsa ta amsa masa da a'a, ya shiga wani hali na ƙunci na tsawon watanni. Abin da ya taimaka wajen fito da shi har da karatun waƙoƙi, wato abin da ba a yi don a kai ko'ina.

Saboda haka abu na farko da ya kamata mu faɗa wa ɗan'uwanmu shi ne, wannan rami da ya ji a cikinsa ba rashin godiya ba ne, ba kuma alamar cewa ya yi aikin banza ba. Haka buri yake idan ya cika. Kuskuren da ya yi ƙarami ne, amma yana da saurin kama mutum: a cikin watanni huɗun nan ya saba da auna kowace fita da mudun babbar ranar, har ya manta cewa akwai lokacin da yake fita ba tare da mudu ba. Kilomita uku a zaman shiri matakala ce. Da aka hau aka gama, sai ya dubi matakalar ya ga ba ta kai wa ko'ina, ya manta cewa kafin ya mai da ita matakala, wurin zamansa ce.

Amma da za mu tsaya a nan da mun yi masa sassauci fiye da kima, domin akwai wani abu a cikin maganarsa da ya fi wannan ɗaci. Bai ce kilomita uku ba su da amfani ba. Cewa ya yi, me wanda ya yi 42 zai yi da uku. Nauyin maganar yana kan "wanda ya yi". Ya sami sabon suna a unguwa, yara suna nuna shi, abokan aiki suna gabatar da shi ga baƙi da wannan labari. Yanzu idan ya fita, za a gan shi yana sassarfa yana haki, wataƙila wani yaro ɗan sakandare ya wuce shi, wataƙila ya tsaya ya kama ƙugu a gaban masu sayar da ƙosai. Muddin yana kwance a ɗaki, shi ne mutumin Legas. Da zarar ya fita, ya zama magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya wanda ya ƙara ƙiba. Sunan wannan abu girman kai, ko da yake ya zo da tufafin gajiya. Ba irin girman kan mai cika baki ba ne, wanda kowa ke ganewa. Irin na mutumin kirki ne da ya gwammace ya bar abin da yake ƙauna da a gan shi yana yinsa ba da gwaninta ba. Mun san shi sarai, domin mai wa'azin da aka taɓa yabon wa'azinsa ranar babban idi yakan ji irinsa ranar Talata da safe, a gaban tsofaffi shida.

A kan wannan muna so mu kawo mutane biyu daga gabashin Afirka. Na farko shi ne Kipchoge da muka ambata. A ranar 12 ga Oktoba 2019, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya gama wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, a wani gudu na musamman da aka shirya masa, wanda ba a lissafa shi cikin bajintar gasa ba saboda irin taimakon da aka tanadar. Duniya ta kalle shi a talabijin. 'Yan jaridar da suka ziyarci sansanin horonsu a Kaptagat, a tsaunukan Kenya, sun tarar da shi yana cikin jerin masu shara da wankin banɗaki kamar kowa, sun kuma ga cewa yawancin gudun da yake yi a mako na sauƙi ne, wanda ake farawa a hankali har mutum irinmu zai iya bin sahu na ɗan lokaci. Mutumin da ya fi kusan kowa sauri a duniya bai ji kunyar a gan shi yana tafiya a hankali ba.

Na biyu ya fi taɓa zuciya. Abebe Bikila sojan fadar sarkin Habasha ne. A 1960 ya ci tseren Olamfik a birnin Roma ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. A 1964 ya sake ci a Tokiyo, 'yan makonni kacal bayan an yi masa tiyata a ciki, da ya gama kuma ya tsaya a tsakiyar fili yana miƙe gaɓoɓi kamar wanda bai yi kome ba. A 1968 a Meziko ciwon ƙafa ya fitar da shi kafin rabin hanya. A 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafun nan biyu da duniya ta san shi da su suka shanye, bai sake takawa ba. Idan akwai wanda ke da hujjar cewa, me wanda ya ci zinariya biyu zai yi da ƙaramin wasa, to shi ne. Amma a 1970 an gan shi a keken guragu a wasannin naƙasassu na Stoke Mandeville a Ingila, yana harbin baka, yana buga ƙwallon tebur, ɗan koyo a cikin 'yan koyo. Ya rasu a 1973 yana da shekara 41. Mu a ganinmu, ranar da ya yarda ya ɗauki baka a gaban mutane bai iya ba, ta buƙaci ƙarfin zuciyar da bai gaza na daren Roma ba.

To, wani mai karatu zai ce, Fada, ashe ba kuna koya wa mutane ƙaramin buri ba ne? Me zai hana a ce wa mutumin nan ya sake rubuta sunansa a wani tseren, ya nemi ya gama cikin awa huɗu da rabi? Ai Manzo Bulus da kansa, wanda ya zauna shekara ɗaya da rabi a Koranti, kusa da inda ake manyan wasanni duk bayan shekara biyu, ya ɗauki mai tsere da horon da yake yi wa jikinsa ya kafa mana misali da shi. Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Neman abin da ya fi ƙarfinka a yau abu ne mai kyau, kuma mutane da yawa ba su san abin da ke cikinsu ba sai da suka ɗaura wa kansu irin wannan nauyi. Idan ɗan'uwanmu ya so ya koma, muna yi masa fatan alheri.

Abin da muke tsoro shi ne a mai da sabon tsere maganin ramin da tsohon ya bari. Wanda ba ya iya fita sai an sa masa rana da lamba, ya zama kamar mai cin bashi don ya biya bashi. Kowane tsere zai bar masa rami irin na baya, ya nemi wanda ya fi shi girma ya cike. Shekaru kuma ba sa tsayawa. Akwai ranar da kowane mai gudu zai yi gudunsa mafi sauri, ba zai kuwa san ita ce ba sai bayan ta wuce da daɗewa. Idan darajar gudu tana cikin ƙara sauri ne kaɗai, to duk abin da ya biyo bayan wannan rana asara ce, alhali yana iya zama shekara talatin. Waliyyi Toma Akwinas, da yake tattauna ko wasa da hutu suna da wuri a rayuwar kirki, ya kawo wani tsohon labari game da Manzo Yohanna. Wasu sun ga manzon yana wasa da almajiransa, abin bai yi musu daɗi ba. Sai ya sa ɗayansu mai riƙe da baka ya yi ta harbi, sa'an nan ya tambaye shi ko zai iya ci gaba da haka ba tsayawa. Maharbin ya amsa cewa bakan zai karye. Toma ya kammala da cewa iya wasa daidai gwargwado hali ne na kirki, rashinsa kuma aibi ne. Gudun sassarfa da safe, wanda ba a neman kome da shi, yana cikin irin wannan wasa.

Akwai kuma batun adalci, wanda masu gudu ba su cika son a tayar ba. Watanni huɗun nan ba daga aljihun ɗan'uwanmu kaɗai suka fito ba. Kowace Asabar da ya yi awa uku a kan hanya ya dawo ya kwanta har la'asar, akwai wadda ta ɗauki aikinsa na gida ta haɗa da nata. Kuɗin takalmi da na mota da na masauki a Legas daga tukunya ɗaya aka ɗebo su. Iyali sukan yi wannan da farin ciki sau ɗaya, har su yi alfahari. Amma gudun minti talatin kafin yara su tashi ba ya cin haƙƙin kowa, kuma wannan ma abin sawa a ma'auni ne.

Ta fuskar lafiya kuwa, ƙaramin gudun ba shi da abin jin kunya. A 2014 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka da ya bi mutum sama da 55,000 na kimanin shekara 15. An tarar cewa haɗarin mutuwa a cikin wannan lokaci ya ragu da kashi 30 cikin ɗari ga masu gudu idan aka kwatanta da marasa yi, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 45. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne waɗanda gudunsu bai kai awa ɗaya a mako ba, a hankali kuma, sun sami kusan irin ribar da masu dogon gudu suka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya nemi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko rabin haka idan mai ƙarfi ne. Ba ta ambaci kilomita 42 ba. Zuciya da jijiyoyin jini ba su san an ba mutum lamba ba; abin da suka sani shi ne ko ya motsa a wannan mako.

Ikkilisiya ma ta san wannan a tsarin shekararta. Muna yin kwana arba'in muna shirin Ista, mu yi kwana hamsin muna murnarta, sa'an nan bayan Fentikos firist ya koma koren tufafi. Makonnin koren tufafin nan 33 ne ko 34 a shekara, sun fi duk sauran lokatai in an haɗa su. Ba a shirya su a matsayin zaman jiran Kirsimati ba, kuma duk wanda ya daɗe a cikin aikin kiwon jama'a ya san cewa a cikinsu ne ake gane wanda ke zuwa.

Wani misali daga Landan ya nuna cewa ana iya gina abu mai ɗorewa a kan ƙaramin gudu. A watan Oktoba na 2004 wani mai gudu, Paul Sinton-Hewitt, wanda rauni ya hana shi shiga tsere, ya tara mutum 13 a wani lambun shaƙatawa mai suna Bushy, suka yi kilomita biyar, shi yana riƙe musu agogo, bayan nan suka tafi shan kofi. Daga nan aka sami abin da ake kira parkrun, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama har da Afirka ta Kudu: kilomita biyar kowace Asabar da safe, kyauta, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya. Suna da wata al'ada da ta burge mu. Akan sa mutum ɗaya daga cikin masu hidima ya riƙa tafiya a bayan kowa, domin kada wani da ya zo ya zama shi ne na ƙarshe.

Ba sai mun tsawaita wajen nuna wa masu karatu inda wannan magana ta taɓa su ba. Shugaban makarantar da ya yi ritaya aka roƙe shi ya koyar da yara katikisma, uwar da ta aurar da autarta ta dawo ta tarar da gida shiru, kwamitin da ya yi shekara bakwai yana ginin coci aka buɗe aka watse, sai sharar ranar Asabar ta rage, duk sun san tambayar da aka yi mana a gindin darbejiya.

Da muka sake haɗuwa da ɗan'uwan, abin da muka iya ba shi shawara ce ta masu horarwa, ba tamu ba. Ya bar agogon a gida. Ya fita sau uku a mako, minti ashirin ko talatin, da saurin da zai iya hira ba tare da numfashi ya yanke ba; idan ya gaji ya taka da ƙafa, ya sake ɗagawa. Kada ya ƙara nisa sai jiki ya nema da kansa, idan kuma wani ciwo ya ƙi tafiya, ko ya ji nauyi a ƙirji, ya ga likita kafin ya ci gaba. Muka ƙara masa da abu ɗaya daga wajenmu: ya bi ta gaban masu ƙosan da gangan.

Bayan mako biyu ya zo ya ba mu labari. Ya fita ranar Asabar tare da ɗansa mai shekara goma sha ɗaya, suka zaga filin makaranta sau huɗu, biyu da gudu biyu da tafiya, yaron yana ta surutu a kan wata rigima da aka yi a ajinsu. A hanyar dawowa wata mai ƙosai ta ɗaga murya ta ce, "Baban Legas, yau a hankali ake yi?" Ya ce mata, "A hankali, Mama." Washegari cinyoyinsa suka yi tsami kamar wanda bai taɓa gudu ba. Muka tambaye shi ko zai koma Legas baɗi, ya ce bai yanke shawara ba tukuna, amma yaron ya riga ya sa shi alkawarin Asabar mai zuwa.